Ƙurar Baƙi: Tarihin Tseren Mota a Ƙasar Hausa da Waɗanda Ke Bakin Hanya

A watan Mayun 1974 aka yi wata gasar tseren mota da ta tashi daga Landan za ta ƙare a Munich, domin ta dace da gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da Jamus ta Yamma ta karɓi baƙunci a shekarar. Masu shirya gasar ba su bi gajeriyar hanya ba. Sun tsara cewa motocin za su tsallaka zuwa Maroko, su shiga Aljeriya, su keta Sahara da Jamhuriyar Nijar har Kano, sannan su juya arewa. Amma tsakanin lokacin da aka rubuta littafin kwatancen hanya da ranar da motocin suka iso, an ƙara tsawon wata kwalta a Aljeriya da 'yan kilomitoci. Alamar da aka ce direbobi su lura da ita don su karkata ta bar inda aka kwatanta. Motoci suka watsu cikin hamada, har sai da aka bi su da jirgin sama ana nema. Biyar kacal ne suka cika tafiyar gaba ɗaya. Wasu 'yan Ostareliya uku a cikin Citroën suka zo na ɗaya, da ratar da ta haura kwana guda.

Yawancinmu muna ɗaukar tseren mota abin talabijin, wasan Turawa da masu kuɗin Larabawa. Sai dai ƙasar Hausa da maƙwabtanta sun shafe shekaru suna zama fagen wannan wasa, kuma tarihin ya bar tambayar da har yau ba mu amsa wa kanmu ba, duk da cewa samarinmu sun ɗauki wasan da hannunsu a titunan Kano da Katsina da Dutsin-Ma: idan mutum ya zaɓi gudu, wa ya kamata ya ɗauki hatsarinsa?

Motocin farko da suka keto hamada

Tun kafin a yi zancen tsere, sai da aka fara tabbatar da cewa mota za ta iya abin da raƙumi ke yi. A ranar 17 ga Disamban 1922, motoci biyar na kamfanin Citroën, masu taya a gaba da sarƙar roba a baya, suka tashi daga Touggourt a Aljeriya, suka isa Tambutu ranar 7 ga Janairun 1923. André Citroën, mai kamfanin, ya ga irin tallan da tafiyar ta yi wa motocinsa, sai ya shirya wadda ta fi ta. A ranar 28 ga Oktoban 1924 motoci takwas suka bar Colomb-Béchar ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Suka gangaro bakin kogin Kwara, suka biyo ta Yamai, suka ratsa ƙasar Hausa ta Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram, sannan suka nufi tafkin Chadi. Tafiyar ba ta ƙare ba sai a watan Yunin 1925 a tsibirin Madagaska.

Ayarin ya zo da mai ɗaukar fim, Léon Poirier, da mai zane, Alexandre Iacovleff. An ɗauki fadar Sarkin Tasawa Barmu, an zana mahaya dawakin Maraɗi, aka kai Faris aka nuna. Wannan ba gasa ba ce, talla ce da kuma hidimar mulkin mallaka, domin Faransa tana neman hanyar da za ta haɗa ƙasashen da ta mallaka. Amma ta kafa tsarin da zai daɗe: baƙo ne ke tuƙi, baƙo ne ke riƙe da kyamara, ɗan ƙasa kuwa yana gefen hanya a matsayin ado. Mutanen da kakanninsu suka shekara ɗaruruwa suna kai ayarin gishiri Bilma su dawo, su ne aka mayar 'yan kallon masu cewa sun ci hamada da yaƙi.

Abin da Turai ta riga ta koya

Domin a gane dalilin da ya sa tseren ya gangaro Afirka, sai an waiwayi abin da ya faru a Turai. Gasannin farko duk a kan hanyar jama'a aka yi su, daga wannan birni zuwa wancan. A ranar 24 ga Mayun 1903 aka tashi tseren Faris zuwa Madrid. Motocin lokacin sun riga sun kai gudun da ya haura kilomita 100 a awa, a kan burji mai ƙura, da birkin da bai taka kara ya karya ba, jama'a kuma sun cika titi suna leƙe. Kafin a kai Bordeaux an rasa rayukan direbobi da kanikawa da 'yan kallo, kuma Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin Renault, ya mutu daga raunin da ya ji. Gwamnatin Faransa ta dakatar da gasar nan take. Ba a ma bari an sake tayar da injin motocin ba, dawaki ne suka ja su zuwa tashar jirgin ƙasa.

Daga nan aka fara tunanin keɓe wa gudu wurinsa. A 1907 aka buɗe Brooklands a Ingila, filin da aka gina musamman domin tseren mota. Amma keɓe fili kaɗai bai wadatar ba. A ranar 11 ga Yunin 1955, a tseren awa 24 na Le Mans, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙi ta bugi wata, ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo. Fiye da mutum 80 suka mutu. Tsakanin motocin da jama'a ba abin da ke akwai sai ɗan tudun ƙasa da katako. Mercedes ta janye daga tsere na tsawon shekaru sama da talatin, Suwizalan kuma ta haramta tseren zagaye a ƙasarta. Shekara biyu bayan haka, a 1957, tayar motar Alfonso de Portago ta fashe a gasar Mille Miglia ta Italiya, wadda ake yi a kan titunan gari. Shi da abokin tafiyarsa suka mutu, tare da 'yan kallo tara, biyar daga cikinsu yara. Daga ranar ba a sake yin gasar a matsayin tsere ba.

Turai ta ɗauki darasi guda: ba a haɗa motar da ke tsere da mutumin da ke harkar gabansa a hanya ɗaya. Gasannin da suka rage a kan titi sai aka koma rufe hanya kafin a sake su. Amma sha'awar doguwar hanya a buɗe ba ta mutu ba, wuri kawai ta sauya. A 1953 aka fara gasar Safari a Afirka ta Gabas, a kan hanyoyin da motocin haya da shanu ke bi. Kamfanoni suka gano cewa motar da ta ci Safari ba ta buƙatar wata talla a Afirka. Fijo 504 ta ci gasar a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Sunan da motar ta yi a tashoshinmu na juriya da cin hanya yana da tushe a can.

Shekarun Dakar a Nijar

A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata a kan babur a hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya, yana cikin gasar Abidjan zuwa Nice. Da ƙyar aka ceto shi. Maimakon abin ya sa ya yi hannun riga da hamada, sai ya koma gida ya shirya tasa gasar. A ranar 26 ga Disamban 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Faris, suka bi ta Aljeriya da Nijar da Mali da ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. A ranar 14 ga Janairun 1979, guda 74 suka isa Dakar. Mafi yawan masu shiga a farkon nan ba ƙwararru ba ne. Mutane ne masu sana'o'insu da suka tara kuɗi suka gyara mota ko babur domin su gwada kansu.

Ran farko da gasar ta ci, a Agadas aka yi hatsarinsa. Wani mai babur, Patrice Dodin, yana ƙoƙarin gyara hular kwanonsa yana tafe, babur ya ƙwace masa, kansa ya bugi dutse. An kai shi asibiti a Faris, a can ya cika. Bai kai ga tudun rairayi ko tsakiyar hamada ba. Hular da ba a ɗaure ba kafin a tashi ita ce ajalinsa.

Shekarun 1980 su ne lokacin da Nijar ta zama zuciyar gasar. Agadas ta zama wurin hutu na tsakiyar tafiya, kuma a shekaru daban-daban hanyar ta biyo ta Dirku da Tawa da Damagaram da Yamai. A 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya, ya ɓata kwana shida a kudancin Aljeriya, labarin da ya sa duniya duka ta san da gasar. A 1983 aka fara keta Tenere. Guguwar rairayi ta taso, kimanin 'yan tsere arba'in suka ɓata, Sabine ya shafe kwana huɗu a jirgi mai saukar ungulu yana tattaro su. Tenere kuwa fili ne da ayari kansa ba ya shigarsa sai da madugu. Bishiya ɗaya tilo da matafiya ke kwatance da ita a tsakiyarsa, wata babbar mota ce ta kayar da ita a 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai.

Ba a rasa waɗanda suka amfana ba. Mano Dayak, Ba'abzine ɗan yankin Azbin, ya yi aiki tare da Sabine, ya kafa kamfanin yawon buɗe ido a Agadas, kuma sanin hamada irin na mutanensa shi ne ya sa hanyoyin suka yiwu. Masu masauki da kanikawa da masu sayar da mai da maƙeran azurfa sun ga ciniki, kuma masu yawon buɗe ido sun biyo sawun gasar. Dayak, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen Abzinawa, ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 15 ga Disamban 1995. Filin jirgin saman Agadas sunansa yake ɗauke da shi.

Sabine kansa bai ga ƙarshen abin da ya fara ba. A ranar 14 ga Janairun 1986, jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali, da duhu da iska mai ƙura. Mutum biyar suka mutu, ciki har da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya biyo gasar domin aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An watsa tokar gawar Sabine a gindin wata bishiya a Tenere.

Waɗanda ba su sa hannu ba

Duk wanda ya shiga gasar Dakar ya san abin da ya shiga. Ya biya kuɗi, ya sa hannu a takarda, yana da inshora da jirgin da zai ɗauke shi in ya ji rauni. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma hanyar gasar ba ta tsaya a hamada ba. Tana ratsa ƙauyuka, inda yara ke fitowa da gudu in sun ji ƙarar inji, mata na dawowa daga rijiya, makiyayi na tsallakar da garkensa. Waɗannan ba wanda ya nemi yardarsu.

Shekarar 1988 ta fi fito da wannan fili. A Tenere, wata babbar motar kamfanin DAF ta wuntsila tana tsananin gudu, ɗaya daga cikin mutanen cikinta, Kees van Loevezijn, ya mutu, kamfanin kuma ya janye. A Mali, motar tsere ta kashe wata yarinya 'yar shekara goma a garin Kita. A Muritaniya, motar masu ɗaukar fim ta kashe wata mata da 'yarta. Har jaridar fadar Fafaroma sai da ta yi tir da gasar a shekarar. A 2005 wata yarinya ta mutu a Senegal ƙarƙashin motar da ke rakiyar gasar, a 2006 kuma yara maza biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal.

Sunayen 'yan tseren da suka mutu suna nan a rubuce, da lambar motarsu da zangon da abin ya faru. Na mutanen ƙauye kuwa lissafinsu bai taɓa cika ba, sau da yawa sai dai a ce "wani yaro" ko "wata mata". Masu gasar sun ɗauki matakai daga baya. An fara amfani da na'urar GPS a 1992, abin da ya rage ɓata. An sa iyakar gudu a cikin ƙauyuka, na'ura na lura, wanda ya karya a ci shi tara. An riƙa tura masu faɗakarwa gaba kafin motoci su iso. Amma duk waɗannan sun zo ne bayan an binne mutane.

Abin da ya raba gasar da Afirka kuwa ba mutuwar yaran ba ce. A shekarar 2000, bayan gargaɗin cewa za a kai hari a arewacin Nijar, aka kwashe motocin duka daga Yamai a manyan jiragen dakon kaya zuwa Sabha a Libiya. A ranar 24 ga Disamban 2007 aka kashe Faransawa huɗu masu yawon buɗe ido a Muritaniya, sai aka soke gasar 2008 ana gobe za a tashi. Daga 2009 ta koma Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma Saudiyya, tana riƙe da sunan Dakar. Da hatsarin ya juyo kan baƙin, cikin kwanaki aka yanke shawara.

Yadda aka rage mutuwa a filin tsere

A ɓangaren tseren zagaye, an sami canji na gaske, kuma yana da kyau a san yadda aka yi. A 1966 Jackie Stewart ya yi hatsari a filin Spa na Beljiyam, ya maƙale cikin mota fetur na zubo masa, babu ma'aikatan ceto a kusa, sai da wasu direbobi biyu suka ari sifana wajen ɗan kallo suka kwance sitiyarin. Daga ranar ya shiga fafutukar neman shinge da ɗamarar kujera da motar asibiti a kowane fili, wasu na yi masa kallon matsoraci. A 1978 aka naɗa likitan ƙwaƙwalwa, Farfesa Sid Watkins, ya zama likitan gasar Formula 1, ya dage cewa ba za a tashi tsere ba sai da asibiti a filin da jirgin ɗaukar majinyaci. Bayan mutuwar Roland Ratzenberger da Ayrton Senna a Imola a ƙarshen mako guda na 1994, aka sake fasalin motoci da kwanoni masu haɗari. A 2003 aka wajabta na'urar da ke riƙe wuya da kai, a 2018 kuma ƙarfen da ke kare kan direba. A tseren daji ma, bayan wata mota ta kutsa cikin 'yan kallo a Fotugal ta kashe uku a 1986, sannan Henri Toivonen da abokin tuƙinsa suka ƙone a Kosika a watan Mayun shekarar, aka haramta ajin motocin da suka fi ƙarfi gaba ɗaya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare da ya dogara ga cewa direba ba zai yi kuskure ba. An ɗauka cewa zai yi, sai aka shirya wurin yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. Wannan tunani ne ya haifar da abin da ake yi a ƙasashe da dama a yau, inda filayen tsere ke ware ranaku domin talaka mai sha'awar gudu ya zo da motarsa ko ya yi hayar ta filin. A wuraren da aka tsara abin da kyau, ana duba taya da birki kafin mota ta shiga. Ana tara direbobi a karanta musu ƙa'ida. Ana raba su aji-aji, sabon shiga ba ya haɗuwa da gwani, kuma malami na zama a gefensa. Hular kwano da ɗamara dole ne. Kowa hanya ɗaya yake bi, ba mai tahowa daga gaba. Akwai wuraren da aka yarda a wuce wani da inda aka hana. Masu tuta suna tsaye a kwanoni: rawaya na nufin a rage gudu akwai matsala a gaba, ja na nufin an dakatar da zagayen. Motar asibiti tana jira da ma'aikatanta. A bayan kowace kwana akwai fili ko tsakuwa da za ta tsayar da motar da ta ƙwace, 'yan kallo kuma suna bayan shinge.

Duk da haka ana mutuwa. Tsohon filin Nürburgring na Jamus, wanda aka buɗe a 1927 mai tsawon kusan kilomita 21, inda Niki Lauda ya ƙone a 1976, yana barin kowa ya biya ya shiga da motarsa, kuma ana samun munanan haɗurra a can. Inshorar mota ta yau da kullum ma galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere. Bambancin dai shi ne, wanda ya shiga ya san abin da ya shiga, mai tallan gyaɗa kuma ba ta cikin lissafin.

Lissafin kansa ba ya da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, wato kafin ƙafar direba ta bar totur ta kai birki ya riga ya wuce tsawon gidaje biyu. In aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa sau huɗu, haka ma ƙarfin karo. Bugun bango a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsawon mita goma, a gudun 100 kuwa kusan mita arba'in. Ƙwarewar direba ba ta sauya wannan lissafi.

Sukuwa da wasan mota

Son gudu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Muna da sukuwa, muna da jafi a ranar hawan salla, inda mahaya ke sakin linzami su doso sarki sannan su ja birki a gabansa. Katsina ta yi suna a wasan folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma yana cikin gwanayen da aka yi a ƙasar nan. Abin lura shi ne, duk waɗannan wasanni suna da fili, suna da lokaci, suna da manya da ke tsaye a kai. Yaro ba ya fara hawa da ingarma. Dogarai na kore jama'a kafin a saki dawaki. Kakanninmu sun san cewa dabbar da ke gudu tana kisa, sai suka yi mata ƙa'ida.

Da mota da babur suka maye gurbin doki a hannun samari, sha'awar ta biyo su, ƙa'idar kuwa aka bar ta a baya. Kowa ya san abin da ake yi a rakiyar amarya da bikin kammala makaranta da murnar cin zaɓe: a cika mota har kan taga, a take totur a kan titin gari, a ja birkin hannu mota ta juya tana ƙara, mai babur ya ɗaga ƙafar gaba cikin taro, yara na bin su da ihu. Sau da yawa motar ta uba ce ko ta aro, direban kuma bai taɓa zama gaban mai gwajin lasisi ba. Wannan shi ne tseren Faris zuwa Madrid na 1903, an sake shi a ƙofar gidajenmu. Garuruwan da ke kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, irin su ƙauyukan Kurfi, kwalta ce tsakar gidansu: a bakinta ake kasuwa, ita 'yan makaranta ke tsallakawa, ita shanu ke bi. Matsayinsu ɗaya da na mutanen Kita a 1988, sai dai a wannan karon mai tuƙin ɗan'uwansu ne.

Hukumomi sun sha hana wasan, 'yan sanda su kama, a yi belin yara, bayan wata biyu a koma. Tarihin dokokin hanya a Najeriya ya nuna iyakar hani shi kaɗai. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. An fara tilasta ɗaura ɗamara a 2003. Da aka wajabta hular kwano ga masu babur a Janairun 2009, sai ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a kai domin su wuce jami'ai. Mutumin da ya kifa ƙwarya jami'i yake tsoro, bai yarda cewa kwalta za ta fasa masa kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Akwai abin koyi a gida. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya daɗe yana haɗawa da gasar motoci, kuma da aka farfaɗo da bikin a 2020 an sake yin ta da motocin da aka harhaɗa a Najeriya. Wato shirya wasan mota ƙarƙashin hukuma ba sabon abu ba ne a Arewa. Abin da ya rage shi ne a sauko da shi inda samarin suke.

Ba sai an gina Nürburgring a Dutsin-Ma ba. Fili shimfiɗaɗɗe nesa da gidaje, da tsofaffin tayoyi da buhunan yashi a matsayin shinge, da igiya da ke tsayar da 'yan kallo a nesa mai kyau, sun isa a fara. Mota ɗaya a lokaci guda, ana auna ta da agogo tana zagaya alamomi, domin wannan ya fi gwada gwaninta a kan tsere kafaɗa da kafaɗa, kuma gudunsa kaɗan ne. Bakanike ya duba birki da taya, jami'in kiyaye haɗurra ya duba lasisi, motar asibiti ta tsaya kafin a tayar da inji na farko. Wanda ya yi wasa a titin gari a hana shi shiga filin, ban da hukuncin da doka ta tanada. Ƙaramar hukuma da masarauta da ƙungiyar direbobi da jami'ar da ke garin suna da ikon da za su tsaya a kan irin wannan, kamar yadda ake tsayawa a kan hawan salla.

Za a ce wannan ba wa ɓarna lasisi ne, kuma a jihar da ke fama da matsalar tsaro akwai abin da ya fi shi gaggawa. Maganar tana da nauyi, kuma fili ba zai hana kowane yaro hauka a titi ba. Amma wasan yana nan ana yi, da izini ko babu, kuma kowace shekara da aka ƙara ana jira, mutanen bakin hanya ne ke biyan kuɗin jiran. Faransa ta rufe hanyoyinta ga masu tsere bayan 1903, Italiya bayan 1957, masu gasar Dakar sun rage gudu a ƙauyuka bayan sun kashe yaran mutane. Kowannensu sai da ya yi jana'iza kafin ya gyara. Mu da muka zo daga baya mun ga gemun maƙwabci ya kama da wuta, kuma ruwan da za mu shafa wa namu bai fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma ba.